Zanen zambo a kan shugabannin coci a Birtaniya: tuhuma ce ko cin mutunci?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. A makon jiya ina shirya wa ɗalibaina darasi a kan dokar gyaran zaɓe da Birtaniya ta yi a 1832, sai na shiga rumbun hotunan Gidan Tarihi na Birtaniya da ke intanet, na tarar da abin da ya ɗauke mini hankali daga darasin baki ɗaya. Zane-zanen zambo ne na ƙarni na 19, waɗanda aka buga aka sayar a titunan Landan, kuma da yawa daga cikinsu shugabannin Cocin Ingila suka sa a gaba. Kusan kullum siffa ɗaya ake ba bishop: ƙaton tumbi, farar riga mai faffaɗan hannu, doguwar hula mai baki biyu, ga buhun kuɗi a gefe, ko kuwa ɗan aladen da aka karɓo daga hannun manomi a matsayin ushiri.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda George Cruikshank ya zana a cikin wata ƙasida da William Hone ya buga a ƙarshen 1819. Limamin coci ne mai fuska biyu, ɗaya tana kallon gabas ɗaya tana kallon yamma. A wannan ɓangare ya ɗaga gicciye yana wa'azi, a wancan kuma yana riƙe da bulala da marin ɗaure fursuna da ɗan itacen rataya. Asalin zanen kuwa abin da ya faru ne a filin Saint Peter na Manchesta ranar 16 ga Agusta 1819, inda mutane kimanin 60,000 suka taru cikin lumana suna neman a ba su wakilci a majalisa, majistarorin gari suka ba da umarni, sojojin doki suka afka musu da takubba, aka kashe aƙalla mutum 15, ɗaruruwa suka jikkata. A cikin majistarorin da suka zauna a ranar akwai limaman coci biyu, Charles Ethelston da William Hay, kuma ba a yi wata shida ba aka ba Hay limancin Rochdale, wanda yake cikin mafiya tsoka a ƙasar.

Ra'ayina shi ne wannan zane bai taɓa addinin Kirista ba, mutumin da ya haɗa mumbari da kujerar hukunci ya taɓa. Amma na san a cikinmu akwai waɗanda za su ga abin daban, shi ya sa na kawo shi nan.

Malam Nasiru:
Wa'alaikumus salam. Malam Habibu, Allah ya ƙara basira, amma ban gamsu da wannan rarrabewa ba. A takarda abu ne mai sauƙi a ce ga mutum ga addini, a idon talaka kuwa rigar da aka yi wa dariya ita ce rigar da yake gani ranar ibada, kuma yaron da ya saba ganin limami a siffar alade ba zai tsaya ya tambayi wane limami ake nufi ba. Mun taso muna jin cewa naman malamai dafi ne, kuma aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili. Ban ce kada a faɗi laifin Hay da Ethelston ba, jinin da aka zubar ya wajabta a faɗa. Abin da nake cewa shi ne akwai tazara tsakanin kafa hujja da kumbura wa mutum ciki da hanci don a yi masa dariya.

Muna da misali a gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, wato a zamanin da ake waɗannan zane-zane, ya soki malaman fada da suke halatta wa sarakuna zalunci, kuma sukarsa ba ta da sassauci ko kaɗan. Amma da aya da hadisi da dalili ya yi ta, bai ɗauki halittar kowa ya mayar abin wasa ba.

Baba Ishaya:
Salama gare ku duka. Ni ɗan ɗarikar Angilika ne tun daga kakanni, a Wusasa aka yi mini baftisma, don haka cocin da ake magana a kai uwar cocina ce, kuma ba da daɗin rai nake kallon waɗannan zane-zane ba. Duk da haka, Malam Nasiru, ina roƙonka ka dubi yadda abin yake a wancan lokaci kafin ka yanke hukunci.

Bishop a Ingila ta 1820 ba malami ne kawai mai almajirai ba. Firayim minista ne yake zaɓensa, sarki ya naɗa shi, kuma bishop-bishop 26 na Ingila da Wales suna zaune a majalisar dattawa suna jefa ƙuri'a a kan dokokin ƙasa, ga wasu huɗu daga Ailan. Manomi kuwa dole ne ya ba limamin yankinsa ushirin amfanin gonarsa, ko yana zuwa wannan coci ko ba ya zuwa, ko shi ɗan Methodist ne ko Baftis ko Katolika. A Ailan, inda mafi yawan jama'a Katolika ne, wannan haraji ya jawo tarzoma da kashe-kashe daga 1831 har tsawon shekaru. Sannan rabon dukiyar a cikin cocin kansa babu adalci. Binciken da hukuma ta yi a shekarun 1830 ya nuna Akbishop na Kantabari da Bishop na Durham kowannensu yana samun kusan fam 19,000 a shekara, alhali ƙananan limaman da suke yin ainihin aikin, su yi jana'iza su ziyarci marasa lafiya, da yawansu ba sa kai fam 100. Mutum ɗaya yakan riƙe limancin garuruwa biyu ko uku yana cin kuɗinsu, wani garin ma bai taɓa kwana a cikinsa ba.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne masu zanen daga cikin Littafi Mai Tsarki suka ɗauko makaminsu. Makiyayin da yake aske tumaki ya cika cikinsa ya bar garke da yunwa, wanda suke yawan zanawa, yana nan a sura ta 34 ta littafin annabi Ezekiyel. Mai kallon zanen a 1820 ya san wannan sura tun yana yaro, don haka ya fahimci cewa ana auna bishop ne da mudun da bishop ɗin yake wa'azi da shi. Ba zan iya kiran wannan saɓo ba.

Hajiya Rakiya:
Baba Ishaya, Allah ya ƙara girma. Ni ta ɓangaren sana'a zan shigo, domin na yi shekaru ina aiki a maɗaba'a, kuma yadda ake buga abu yana faɗa maka wanda aka buga wa.

A farkon ƙarnin, zanen zambo kayan masu hali ne. Ana shafe farantin jan ƙarfe da kakin zuma, mai zane ya karce siffar da allura, a tsoma farantin a ruwan asid ya ci wuraren da aka karce, a cusa tawada a ramukan, a danna takarda a kai ɗaya bayan ɗaya, sannan a ba masu fenti su sa launi da hannu. Farantin yakan gaji bayan 'yan ɗaruruwan bugu. Mai launi yakan kai sule biyu, kuɗin da ya yi daidai da ladan yinin lebura ko ya fi. Shagunan da suka yi suna, irin na Hannah Humphrey a titin Saint James da na Fores a Piccadilly, a unguwannin manya suke, kuma talaka sai dai ya tsaya a bakin taga ya kalla. Wato a wancan mataki manya ne suke yi wa junansu dariya, shi ya sa hukuma ba ta cika damuwa ba. Sarki George na huɗu ma kuɗi ya ba Cruikshank, fam 100 a 1820, don ya daina zana shi a yanayin rashin ɗa'a.

Abin da Hone ya yi shi ne ya koma ga sassaƙa a kan katako. Katakon yana shiga injin tare da haruffa a shafi ɗaya, yana jure dubban bugu, don haka ƙasidar da Malam Habibu ya ambata sule ɗaya aka sayar da ita, aka kuma sake buga ta fiye da sau 50. Zuwa shekarun 1830 farashi ya faɗo har kwabo ɗaya: mujallar Figaro in London ta fara fita a 1831 da zanen Robert Seymour, sannan Charles Jameson Grant ya yi ta fitar da nasa jerin daga 1833, masu kaushin layi, waɗanda bishop a cikinsu ba ya rabuwa da tumbi da buhun kuɗi. Daga nan ne zambon ya bar ɗakin baƙi na attajirai ya shiga masaƙa da mashaya. Ina ganin damuwar Malam Nasiru a nan take da ƙarfi, domin mai sayen zanen kwabo shi ne mai biyan ushiri, kuma shi ba dariya kaɗai yake yi ba, da fushi a cikinsa.

Malam Nasiru:
Hajiya, kin kawo ni daidai inda nake so in je. A ƙarshen Oktoba 1831 mutanen Biristol sun yi kwana uku suna tarzoma, suka ƙone gidan bishop ɗin garin. Ranar 5 ga Nuwamba na shekarar, daren da Turawan Ingila suka saba ƙona mutum-mutumin Guy Fawkes, ɗan Katolikan da ya yi yunƙurin tarwatsa majalisarsu da albarushi, a garuruwa da dama mutum-mutumin bishop aka ƙona a madadinsa, har da na Henry Phillpotts na Exeter. Wanda ya yi shekara goma sha biyu yana koya wa jama'a cewa bishop dabba ce mai cin gumin talaka, ba zai wanke hannunsa ba ranar da aka kawo wuta. Ina so Malam Habibu ya amsa wannan kai tsaye.

Malam Habibu:
Zan amsa, Malam. Abin da ya kunna wutar Oktoba 1831 ƙuri'a ce, ba zane ba. Ranar 8 ga watan majalisar dattawa ta yi watsi da ƙudurin gyaran zaɓe da rinjayen ƙuri'a 41, bayan majalisar wakilai ta riga ta amince da shi. A cikin masu ƙin akwai bishop-bishop 21, biyu kacal suka goyi baya. Lissafin bai ɓuya ga kowa ba: da waɗannan 21 sun koma ɗaya ɓangaren, da ƙudurin ya wuce. A lokacin garuruwa irin Manchesta da Birmingham da Leeds ba su da wakili nasu na kansu, alhali wani kango mai suna Old Sarum, wanda babu mai kwana a cikinsa, yana aika wakilai biyu. Mutumin Biristol ba ya bukatar Cruikshank ya faɗa masa wanda ya tare masa hanya, jaridu sun buga sunayen.

Ban halatta ƙona gida ba, kuma mutane da yawa sun mutu a Biristol, an rataye wasu daga baya. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wanda ya karɓi kujera a majalisa ya jefa ƙuri'a a kan haƙƙin miliyoyin mutane ya zama ɗan siyasa a wannan sa'a, ko wace riga ce a jikinsa. Haka wanda ya zauna a kujerar majistare, kuma a farkon shekarun 1830 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na majistarorin Ingila da Wales limaman coci ne. Idan rigar za ta hana a taɓa shi, to an ba shi iko ba tare da hisabi ba.

Kuma mu duba abin da ya biyo baya. A 1835 gwamnatin Robert Peel ta kafa hukumar binciken dukiyar coci, a 1836 aka yi dokar da ta mayar da ushiri kuɗi ƙayyadadde maimakon a shiga gona a ƙirga dami, a 1838 aka taƙaita riƙe limanci da yawa a hannun mutum ɗaya. Ban ce zane ne ya yi waɗannan dokoki ba, amma kunyar da ya jawo tana cikin abin da ya sa masu son cocin da kansu suka ce a gyara kafin a rushe. Ayar da ka kawo gaskiya ce, sai dai aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta yi togiya ga wanda aka zalunta wajen bayyana mummunar magana.

Barista Saratu:
Malamaina, ku ba ni dama in shigo da abin da kotunan Ingila suka yi, domin tambayar da kuke ja a kai an kai ta gaban alƙali tun kafin zanen Manchesta.

A Disamba 1817 gwamnati ta gurfanar da William Hone sau uku a kwana uku a jere, 18 da 19 da 20 ga wata, a Guildhall na Landan. Laifinsa shi ne ya ɗauki salon karatuttukan coci guda uku, wato tambaya da amsar da ake koya wa yara, da doguwar addu'ar roƙo, da shahadar bangaskiya, ya zuba ministocin gwamnati a cikinsu yana yi musu zambo. Gwamnati ba ta dogara da batun zagin ministoci ba, ta ce ya wulaƙanta addini, domin ta san wannan tuhuma ce za ta fi tayar wa mutane hankali. Hone ba shi da lauya, shi ya tsaya da kansa yana magana sa'o'i da yawa kowace rana, yana fito da tsofaffin littattafai da zane-zane yana nuna cewa tun daga Martin Luther, jagoran gyaran coci na Jamus, har zuwa George Canning, wanda a lokacin minista ne a gwamnatin da take tuhumarsa, mutane sun ari salon nassi don sukar abokan hamayya ba tare da an ce sun yi saɓo ba. Hujjarsa ita ce aron kwano daban, zagin mai kwano daban. Babban alƙalin ƙasa, Lord Ellenborough, shi ya zauna a shari'a ta biyu da ta uku, ya kuma fito fili ya nuna yana son a kama shi da laifi, amma mutum goma sha biyun da aka zaɓo daga cikin jama'a su yanke hukunci suka wanke shi duk sau ukun.

Ku kwatanta da 1883. George William Foote, editan mujallar The Freethinker, ya buga zane-zanen da suke yi wa labaran Littafi Mai Tsarki da zatin Ubangiji ba'a, aka same shi da laifin saɓo, aka ɗaure shi wata goma sha biyu. A tsakanin waɗannan shekaru 66 an zana bishop-bishop a kowace irin siffa, kuma abin da kotu ta ɗaure mutum a kai shi ne taɓa abin bauta. Wato su kansu mutanen wancan zamani sun ja layin da Malam Habibu ya ja. Wani abin lura kuma, Hone ya ƙare rayuwarsa a matsayin Kirista mai ibada a wata majami'a ta Landan. Dokar saɓon kanta sai a 2008 aka soke ta a Ingila da Wales.

Malama Maryamu:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma na ga an tsaya a rabin farko na ƙarnin, inda labarin yake da daɗin faɗa. Ni 'yar Katolika ce, kuma rabi na biyu ne ya shafe ni.

A ƙarshen Satumba 1850 Paparoma Pius na tara ya maido da tsarin bishop-bishop na Katolika a Ingila, wanda ya yanke tun zamanin Sarauniya Elizabeth ta farko, ya naɗa Nicholas Wiseman Kadinal kuma Akbishop na Westminster. Wiseman ba shi da kujera a majalisa, ba ya karɓar ushirin kowa, ba ya zama a kujerar majistare, bai aika sojan doki kan kowa ba. Mabiyansa kuwa da yawansu 'yan Ailan ne da yunwar da ta fara a 1845 ta koro, suna cunkushe a unguwannin talauci na Libaful da Manchesta da Landan. Duk da haka mujallar Punch, wadda aka kafa a 1841, ta yi mako bayan mako tana zana shi da Paparoma. A wani zane Paparoma ɓarawo ne yana ƙoƙarin ɓalle ƙofar coci da dare, Wiseman yana yi masa gadi. A wani kuma Paparoma ne Guy Fawkes, yana shirin tarwatsa Ingila. Firayim minista Lord John Russell da kansa ya rubuta wa Bishop na Durham wasiƙa yana hura wutar, a 1851 aka yi dokar hana bishop na Katolika ɗaukar sunan gari a Birtaniya, dokar da ba a taɓa hukunta kowa da ita ba har aka soke ta a 1871. A Yuni 1852 kuma aka far wa unguwar 'yan Ailan a Stockport, aka farfasa majami'un Katolika biyu, aka kashe mutum.

Malam Habibu, ma'auninka shi ne wanda ya riƙe iko dole ya jure tuhuma. To, a 1850 masu iko ne suke riƙe da alƙalamin, marasa ƙarfi ne a ƙarƙashinsa, kuma kayan aikin ɗaya ne: tumbin nan, hular nan, hancin nan. Akwai wanda ya gane haka tun a lokacin. Richard Doyle, ɗan Katolika, wanda shi ya zana bangon Punch da aka yi fiye da shekara ɗari ana amfani da shi, ya ajiye aikinsa a ƙarshen 1850 yana ɗan shekara 26, a lokacin da tauraronsa yake haskawa, domin ba zai iya cin abinci daga mujallar da take yi wa addininsa haka ba. John Tenniel ne aka ɗauka a gurbinsa.

Malam Habibu:
Malama Maryamu, na karɓi wannan gyara, kuma da ma ban kai ga zane-zanen 1850 ba a bincikena. Ma'aunin da na kawo bai rushe ba, amma kin nuna mini cewa yana yanka ta ɓangare biyu, kuma idan na yi amfani da shi da gaskiya dole in ce abin da Punch ta yi wa Wiseman zalunci ne, kamar yadda na ce abin da Cruikshank ya yi wa Ethelston adalci ne. Abu ɗaya zan ƙara: a 1851 John Leech ya juya kan Russell, ya zana shi a matsayin ƙaramin yaro da ya rubuta kalmar ƙin Paparoma da alli a ƙofar Wiseman sannan ya ruga da gudu. Amma ko a nan ba don ya tayar da fitina aka yi masa zambo ba, don ya ja da baya ne.

Baba Ishaya:
'Yata Maryamu, abin da kika faɗa gaskiya ne, kuma nauyinsa yana kan ɗarikata. Har cikin gidanmu abin ya shigo, domin limaman Angilika da suka karkata ga turare da kyandir da tufafin ibada irin na Roma su ma Punch ta sa su a gaba shekaru da yawa, tana zana su kamar mata masu son ado. Bayan dokar 1874 ta tsara yadda za a yi sujada, an ɗaure limamai biyar saboda irin wannan ibada, na farkonsu Arthur Tooth a 1877. Waɗannan mutane da yawansu a unguwannin matalauta suke hidima, ba su da buhun kuɗi.

Amma zuwa wannan lokaci wani salo dabam ya fito. Mujallar Vanity Fair, wadda ta fara a 1868, takan sa hoton mutum ɗaya mai launi kowane mako, na Carlo Pellegrini ko na Leslie Ward. Sun zana Bishop Samuel Wilberforce a 1869, wanda ake yi wa laƙabi da mai santsin sabulu saboda iya zamewa a muhawara, sun zana Akbishop Henry Manning na Katolika a 1871, da Bishop John Colenso na Natal a 1874, da limamin Katolika John Henry Newman a 1877, da shi kansa Tooth a bayan ƙarafan kurkuku. Babu alade, babu itacen rataya, mutum ne tsaye da ɗan ƙarin gishiri a hanci ko kafaɗa, har ya zama fitowa a ciki alama ce ta cewa mutum ya isa. Ina danganta wannan sanyi da raguwar ikon: an gyara ushiri, limamai sun ragu ƙwarai a kujerar majistare, kuma dokar da gwamnatin Gladstone ta yi a 1869 ta raba Cocin Ailan da gwamnati daga farkon 1871.

Malam Nasiru:
Na amfana da ku duka, musamman Barista da Malama Maryamu. Na yarda cewa bishop mai ƙuri'a a majalisa ba daidai yake da malamin zaure ba, kuma wanda aka karɓe wa dami da ƙarfin doka yana da haƙƙin ya ɗaga murya. Amma labarin 1850 ya ƙara mini ƙarfi a kan matsayina. Hujja tana da mai ita: idan ka ce Hay ya ba da umarni an kashe mutane, maganar a kan Hay take, ba za ta koma kan Wiseman ba. Siffar tumbi da hula kuwa ba ta da mai ita, duk wanda ya sa irin rigar za ta hau kansa, shi ya sa aka ɗauke ta cikin sauƙi daga kan mai zalunci aka ɗora wa baƙo. Masu karatun Punch sun gaji idon da Cruikshank da Grant suka horar. A kan wannan har yanzu ina ganin hanyar Shehu ta fi aminci.

Hajiya Rakiya:
Malam Nasiru, a kan gadon siffa ina tare da kai, domin a maɗaba'a ma katakon da aka sassaƙa ba a jefar da shi, ana ajiye shi a sake sa shi a ƙarƙashin wani kanun labari. Inda na rabu da kai shi ne batun wanda zai iya karanta hujjar. A 1840, bisa alƙaluman rajistar aure a Ingila da Wales, kusan kashi ɗaya cikin uku na angwaye da kusan rabin amare ba su iya rubuta sunansu ba, alama kawai suke yi. Masaƙin da ya ga dawakai a filin Saint Peter, aka kuma karɓi ushiri a gonar ubansa, mai yiwuwa ba zai iya bin doguwar maƙala ba, amma limami mai fuska biyu ya gane shi da kallo ɗaya. Malam Habibu, idan za ka kai wa ɗalibanka zanen 1819, ina roƙon ka haɗa da na ɓarawon ƙofar coci na 1850 a takarda ɗaya, ka rubuta a ƙarƙashin kowanne ko wanene yake da ƙuri'a a majalisa a ranar da aka buga shi.